Dokar Baƙi a Ƙasar 'Yan Bida

Dokar da ta fi kowace tayar da ƙura a kan shige da fice a tarihin Nijar, ɗan Adar ne ya rattaba mata hannu. Mahamadou Issoufou haifaffen Dandaji ne a yankin Ilela, kuma a zamaninsa aka kafa doka mai lamba 2015-36, ranar 26 ga Mayu 2015, wadda ta mayar da jigilar baƙin haure laifin da ke kai mutum kaso. Abin da ɗaure kai, domin duk faɗin Nijar da wuya ka sami yankin da tafiya ta zame wa abinci kamar Adar. Bayan shekara takwas da rabi, ranar 25 ga Nuwamba 2023, Janar Abdourahamane Tiani ya soke dokar, ya kuma shafe hukuncin duk wanda aka ɗaure da ita. Agadas ta yi guɗa, Turai ta yi tsaki.

Tun daga nan ake ɗaukar gardamar kamar ta ɓangare biyu ce kawai: ga Turai mai son a toshe hanya, ga Nijar mai cewa ƙasarta ce, ita ke da iko da ita. Wanda ya tsaya a Tawa, jihar da Adar ke cikinta, ya dubi zancen zai ga ya wuce haka. Jihar nan tana da masu tafiya, tana da waɗanda ake korowa, tana kuma da waɗanda suka gudo mata neman tsira. A ganina soke dokar daidai ne. Sai dai sokewar ba ta sauke wa ko ɗaya daga cikin mutanen nan kayan da ke kansa ba.

Adar ƙasar dutse ce da tudu, sai kwaruruka irin na Keita da Badagishiri da Magiya inda ƙasa ke da ɗan albarka. Damina gajera ce, kuma can arewa, wajen Barmu da Afala da Takanamat, inda gonar gero ke ƙarewa makiyaya ta soma, ba kowace shekara hatsi ke kai gida ga wata damina ba. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3 da dubu 300 a jihar Tawa, kuma gona ba ta ƙaruwa yadda bakuna ke ƙaruwa. Shi ya sa da an ɗaure damma an zuba a rumbu sai samari su saɓi jaka su tafi bida. Mai gida ya san ribar farko ta wannan tafiya tun kafin a aiko masa da ko dala: bakin da ya tashi daga kan rumbu. Kuɗin da ke biyo baya ta Nita ko Al Izza ko Amana su ne na buhun masara a tsakiyar bazara, da sadaki, da kwanon rufi, da injin ban ruwa a garkar albasa.

Ƙafar Ba'adare ta san Sakkwato da Kano da Legas, ta san Kumasi da Akra da Abijan, ta kai Duwala da Gabon, daga baya ta juya arewa zuwa Sabha da Tarabulus da Tamanrasat. Shayi da burodi, tsire, ga-ruwa, gadi, tallar agogo da tabarau, fataucin albasa, babu wadda ba a same shi a ciki ba. Lokacin da aka soma aikin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, aka shiga jera duwatsu da haƙa ramukan tare ruwa da dashen itatuwa, mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin, don mazan ba sa gari.

Mutanen da suka daɗe suna baƙunta a ƙasashen wasu sun san ɗacin dokar baƙi a jikinsu. A Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. A Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan kora a Nijeriya. A 1984 Janar Muhammadu Buhari ya rufe iyaka ya canja kuɗi, rufewar ta zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Kodebuwa ta fito da katin zaman baƙi a farkon shekarun 1990, katin ya zama abin tsayar da mutum a kan titi a tatse shi, sannan yaƙin 2002 ya zo ya watsa dukiyar mutane da yawa. A 2011 Libiya ta rushe, gwamnatin Nijar ta wancan lokaci ta ƙiyasta fiye da 'yan Nijar 200,000 suka dawo, kuma jihar Tawa tana cikin waɗanda suka fi karɓar masu dawowar. Duk dattijon Adar da ka zauna da shi, da wuya ka rasa ɗaya daga cikin shekarun nan a labarinsa.

To me ya kai Nijar ga dokar 2015? Masu cewa Turai ce ta rubuta ta daga farko har ƙarshe sun manta da Oktoba 2013, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya. Galibinsu mata ne da yara 'yan Nijar, mafi yawa daga yankin Kance a jihar Damagaram. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Wannan ya girgiza ƙasa, kuma tun daga lokacin aka soma maganar hukunta masu ɗaukar mutane su zubar a daji. Amma gaskiya ne abin da ya ba dokar haƙora daga waje ya zo. A Afrilu 2015 wani jirgin ruwa ya nutse a tekun Bahar Rum da mutum wajen 800. A Nuwamba na shekarar aka yi taron Baleta a tsibirin Malta, Tarayyar Turai ta buɗe asusun gaggawa don Afirka, Nijar ta zama ɗaya daga cikin manyan masu cin moriyarsa. Dokar ta kwanta fiye da shekara ba a taɓa ta ba. Sai a 2016, Mohamed Bazoum yana ministan cikin gida, aka soma aiki da ita gadan-gadan. Hukuncinta ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ne da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5, ga kuma kwace mota. Aka kama direbobi da dillalai da masu gidajen saukar baƙi, aka jere motocinsu Hilux a bariki rana tana cin su.

Masu kare dokar suna da hujja, kuma bai kamata a yi kamar ba su da ita ba. Libiyar bayan Gaddafi ba Libiyar da iyayenmu suka yi aiki a cikinta ba ce. Akwai gidajen bashi inda ake tsare matafiyi ana dukansa, danginsa suna ji ta waya, sai an biya a sake shi. A Nuwamba 2017 tashar CNN ta nuna hoton bidiyon da ake cinikin mutane, duniya ta ɗauka. Gwamnatin Issoufou ta riƙa cewa motar da ta kai mutane arewa ba ta dawowa wayam, makamai da ƙwaya take ɗaukowa. Sannan ga alkaluma: hukumar kula da ƙaura ta OIM ta ƙirga fiye da mutum 300,000 da suka nufi arewa ta Segedin da Arlit a 2016, a 2017 kuwa ba su wuce kimanin 70,000 ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, mai ƙirga a bakin hanya waɗanda suka bi hanya kaɗai yake gani. A da ayari kan tashi daga Agadas kowace Litinin da rakiyar soja har Dirku, mota ta lalace wata ta tsaya mata. Da aka hana, direbobi suka koma tafiyar dare, suna kauce wa rijiyoyin da aka sani don can jami'an tsaro ke jira. Wanda ya hango ƙurar sintiri sai ya sauke fasinja ya tsere. A farkon Yuni 2017 aka sami gawar mutum 44, 'yan Gana da Nijeriya, har da jarirai, tsakanin Agadas da Dirku. Kuɗin mota ya ninka, kuɗin shinge ya hau, sana'ar ta fita daga hannun direban gari da kowa ya san gidansu ta koma hannun masu bindiga. Akwai kuma matsalar shari'a da ba a taɓa amsa ta da kyau ba. Yarjejeniyar 1979 ta CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ya zauna kwana 90 ba biza. Ɗan Gini ko ɗan Gambiya da ke Agadas da takardunsa bai karya dokar kowa ba, iyakar Libiya kuwa tana can ɗaruruwan kilomita a gaba. Amma a aikace aka mayar da Agadas kamar ita ce iyaka, duk wanda ya ɗauki baƙo ya wuce ta ya zama mai laifi, bisa zaton abin da baƙon zai yi gobe. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin matafiya, Felipe González Morales, ya ziyarci Nijar a Oktoba 2018, kuma wannan na cikin abin da ya soka.

Tawa ba ta tsira daga wannan ba. Titin da ya taso daga Ƙonni ya ratsa Tawa da Abalak shi ne ke kai motocin fasinja Agadas, kuma da aka matsa a can sai wani ɓangare na zirga-zirgar ya karkata: a sauka a Tawa, a bi ta Cintabaradan da Tasara, a miƙe iyakar Aljeriya ba a ga Agadas ba. A 2018 OIM ta buɗe wurin ƙirga matafiya a Tawa, alamar cewa hanya ta sauya. A 2019 aka girke rundunar 'yan sanda masu sintirin iyaka a Birnin Ƙonni, da kuɗin Jamus da Holan. Ɗan Nijar mai katinsa doka ba ta hana shi hawa mota ba, amma shi ma ya ji tsadar hanya da yawan tambaya. An yi alkawarin sauya wa tsofaffin direbobi sana'a, a ba kowa jarin sefa miliyan ɗaya da rabi. Dubbai suka rubuta suna a Agadas, 'yan ɗaruruwa suka samu a zagayen farko. An kuma kawo ayyukan noma a jihohin Tawa da Agadas da sunan zaunar da matasa a gida. Ban ƙi aikin noma ba, amma wanda ya tsara shi da wannan niyya bai fahimci Adar ba: yaron da garkarsa ta yi kyau bana, shi ne ke da kuɗin motar tafiya baɗi, kuma da kuɗin tafiyar yake faɗaɗa garkar.

Sokewar 2023 ta zo ne wata huɗu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, lokacin da CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Turai ta tsayar da tallafin kasafin kuɗi. Hukumomin soja na CNSP sun ce an kafa dokar ne da matsin ƙasashen waje, ta saɓa wa ƙa'idojin yankin, ba ta kuma dubi maslahar 'yan ƙasa ba. Ranar 4 ga Disamba suka sallami tawagar Turai ta EUCAP, wadda ke horar da jami'an tsaron cikin gida tun 2012. Duk mai hankali ya ga abu biyu a nan: gyaran kuskure, da kuma ramuwa ga wanda ya rufe maka famfo. Ayarin Dirku ya dawo da rakiyarsa, direbobi suka fito fili.

Amma wanda ya ɗauka ƙofa ta buɗe ke nan bai jira ya ga Janairu 2025 ba. Ranar 13 ga watan aka fitar da sabuwar doka kan shigowa da zaman baƙi a Nijar, ta maye gurbin ta 1981. Ta wajabta takardar tafiya ko ta zama, ta ɗora wa mai saukar da baƙo nauyin sanar da hukuma, ta tanadi kora da ɗauri da tara ga wanda ya saɓa da wanda ya taimaka masa. Dalilin da aka bayar tsaro ne, kuma ƙasar da ke yaƙi a iyakoki da dama tana da haƙƙin sanin wanda ke cikinta. Sai dai wasu ƙungiyoyin kare matafiya sun ce abin da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga, tunda direban da ya ɗauki marar takarda zai iya sake samun kansa gaban alƙali. Damuwata ni ta wani gefen ce. Duk tsananin da muka rubuta wa baƙo a Yamai, akwai ma'aikacin shige da fice a Abijan ko Akra da ke iya karanta shi ya kwafa, kuma waɗanda za a fara gwada shi a kansu 'ya'yan Buza ne da Keita da Tamaske.

Akwai wata doka da ba a cika jin sunanta a gardamar ba, alhali ita ce ta fi aiki a arewacin Tawa: doka mai lamba 97-016 ta 20 ga Yuni 1997 kan matsayin 'yan gudun hijira, wadda ta kafa kwamitin ƙasa mai tantance wanda ya cancanci mafaka. Nijar tana cikin yarjejeniyar Janeba ta 1951 da ta ƙungiyar haɗin kan Afirka ta 1969. Da yaƙi ya ɓarke a arewacin Mali a 2012, gwamnati ta karɓi masu gudowa a dunƙule, ba sai an yi wa kowa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya ba. A jihar Tilaberi aka kafa sansanoni irin waɗanda aka saba gani, a Abala da Mangaize da Tabarebare. A Tawa kuwa aka gwada wani abu dabam, kuma a ganina shi ne tunani mafi kyau da aka yi a wannan fanni a ƙasar.

Waɗanda suka tsallako ta yankin Tiliya makiyaya ne, Abzinawa da Larabawa da Fulani, da raƙumansu da awakinsu. Ka zuba makiyayi a tanti cikin layi, ka ba shi katin karɓar shinkafa, ka raba shi da dabbarsa, ka gama da shi. Saboda haka a 2013 gwamnati da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta HCR suka keɓe faffaɗan yanki a Intikan, kimanin kilomita 70 daga iyaka, da wani a Tazalit cikin yankin Tasara, aka ce kowa ya kafa bukkarsa inda ya ga dama, ya yi kiwonsa. Aka kwaso mutane daga Agando da Shinwaran da ke dab da iyaka, dabbobi suka biyo a ƙafa. Aka yi rijiyar burtsatse da lakwal da ɗakin shan magani, kuma 'yan ƙasa da baƙi duk suna amfana. Kasuwa ta kafu. Mutum ya ci gaba da zama mai dukiya maimakon mai miƙa hannu.

Tsaro ne ya karya wannan tsari. Ranar 6 ga Oktoba 2016 'yan bindiga suka afka wa sojojin da ke gadin Tazalit suka kashe 22, daga baya aka rufe wurin aka haɗa mutanensa da na Intikan. A Maris 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a yankunan Tasara da Tiliya. Ranar 31 ga Mayu 2020 mahara a kan babura suka shiga Intikan, inda a lokacin akwai 'yan gudun hijira kimanin 20,000 da 'yan ƙasa da suka bar garuruwansu kimanin 15,000. Suka kashe shugabannin 'yan hijira biyu da wani shugaban al'ummar wurin, suka lalata tashar ruwa da turakun waya. A ƙasar da rijiya ke da zurfi haka, wanda ya fasa famfo ya kori gari. Jama'a suka kwarara Telemses. Ranar 21 ga Maris 2021 aka yi kisan da ya fi kowane muni a yankin, mutum 137 a Intazayen da Bakorat da zangunan da ke kewaye. A Yuni na shekarar hukuma ta rufe Intikan. Mutanen ba su koma Mali ba, sun watsu ne cikin ƙauyukan Tiliya da Tasara, kuma a 2022 faɗan yankin Menaka na Mali ya sake turo wasu dubbai.

Nan ne ainihin gardamar 'yan gudun hijira take, kuma ba ta da amsa mai sauƙi. Jami'in tsaro yana ganin taron mutane kusa da iyaka a matsayin abin hari, ko maɓoyar mai leƙen asiri. Mai aikin agaji yana cewa in an watsa su, yaya za a kai musu abinci da allura a daji inda mota ba ta shiga sai da rakiya? Mai garin da aka sauka a wurinsa ba ya korar kowa, don sau da yawa danginsa ne, zuriya ɗaya ce iyakar Bature ta raba. Amma rijiyarsa da ke shayar da garke goma yanzu tana shayar da talatin, ciyawa ta ƙare tun kafin bazara. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, to ga baƙon da ya haura shekara goma, ya haifi 'ya'yan da ba su taɓa ganin Menaka ba. Wane ne zai ba su takardar haihuwa, ta wace ƙasa? Da yawa daga cikin iyayen ma ba su da takardar Mali ba su da ta Nijar, har tantance ɗan hijira da ɗan ƙasar da ya dawo gida kan gagara. Nijar ta yi abin yabo a Disamba 2018 da ta kafa doka mai lamba 2018-74 don kare waɗanda suka rasa matsuguni a cikin ƙasa, ita ce ta farko a Afirka da ta mayar da yarjejeniyar Kampala dokar gida. Sai dai doka ba ta haƙa rijiya, kuma hannun da ke haƙawa yana janyewa: a Fabrairu 2025 hukuma ta umarci ƙungiyar agaji ta CICR ta rufe ofisoshinta, a shekarar kuma Amurka ta zabge tallafin da take bayarwa a duniya.

A kudancin jihar labarin ya juya. Adarawa sun shafe fiye da ƙarni suna cin arziki a ƙasar Sakkwato. Yanzu mutanen Sabon Birni da Isa ne 'yan bindigar daji suka koro, suka sami mafaka a Bangi cikin yankin Madawa, kamar yadda 'yan'uwansu suka cika ƙauyukan Maraɗi tun 2019. Harshe ɗaya, auratayya ta daɗe, shi ya sa da yawa a gidajen mutane suka sauka. Mai masaukin da shi kansa rumbunsa bai cika ba shi ke ɗaukar nauyin da ake rubutawa a rahoto da sunan karamcin ƙasa.

Sauran rukunin da aka fi mantawa da shi, waɗanda ake korowa, jihar Tawa tana da tabonsa. Bayan farin 1973 da na 1984, Abzinawa da yawa sun tafi Aljeriya da Libiya. A ƙarshen shekarun 1980 Shugaba Ali Saibou ya kira su gida da alkawarin taimako, Aljeriya ma tana korowa. Aka tara dubbai a zanguna kewayen Cintabaradan, taimakon bai iso yadda aka faɗa ba, aka soma kama masu ƙorafi. A Mayu 1990 wasu matasa suka kai hari a garin, soja suka mayar da martani a kan farar hula, aka kashe mutanen da har yau ba a daidaita kan yawansu ba. Daga nan aka shiga tawayen da bai kwanta ba sai da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, ranar da ake hutu kowace shekara don tunawa da ita. Mafarin abin kuwa dawo da mutane ne ba tare da an shirya abin da za su tarar ba.

Yau korar ta zama ruwan dare. Tun Disamba 2014 akwai fahimta tsakanin Yamai da Aljas kan dawo da 'yan Nijar, waɗanda ake kawowa cikin manyan motoci har Asamaka. 'Yan sauran ƙasashe kuwa a kan zubar da su a wani fili cikin rairayi, su taka kilomita 15 kafin su ga gari. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro ta wannan hanya a 2024 kaɗai. A Janairu 2025 Libiya ta sauke 'yan Nijar 613 a Dirku a tashi ɗaya. A Afrilu dangantaka da Aljeriya ta ƙara tsami, ƙasashen ƙawancen AES, wato Nijar da Mali da Burkina Faso, suka janye jakadunsu bayan harbo jirgin Mali marar matuƙi. Soke dokar 2015 ya sauƙaƙa fita, amma bai taɓa abin da ke jiran mutum a can ba. Wanda aka kama a wurin gini a Tamanrasat ko Wahran, ba a bar shi ya karɓi ladan aikinsa ko ya ɗauki wayarsa ba, yakan iso gida da rigar jikinsa da bashin kuɗin motar da ya ci kafin ya tafi. A rubuta sunansa, a kai shi jiharsa, shi ke nan. Ba abin mamaki ba ne in bayan girbi ya sake kama hanya. Nijar tana da kundin manufar ƙasa kan ƙaura na 2020 zuwa 2035, wanda ya yi maganar kare 'yan ƙasa a waje da sake tsugunar da masu dawowa. Wannan babin ne ya kamata a ji ana gardama a kansa, a ce nawa aka ware, wa ke bin haƙƙin ma'aikacin da aka kora ba a biya shi ba, ina jami'in jakadancin da zai je gidan tsaro ya tambayi sunayen mutanensa.

Sai batun ficewa daga CEDEAO, wanda ya fi kowane shafar aljihun Adar. An ɗanɗana somin-taɓi lokacin takunkumi: daga ƙarshen Yuli 2023 har Maris 2024 iyakar Ƙonni da Ilela a rufe take a hukumance (Ilelar Sakkwato nake nufi, ba tamu ta Sarkin Adar ba), kaya suka yi tsada, masu babura suka yi kasuwa ta ɓarauniyar hanya. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa ranar 28 ga Janairu 2024, ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Kafin ranar, a Disamba 2024, ƙasashen AES sun ce ɗan CEDEAO zai ci gaba da shigowa ba biza, tare da riƙe ikon hana wanda ba su yarda da shi ba. CEDEAO ita ma ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen uku, a bar su su yi zirga-zirga da zama da sana'a kamar da.

Akwai bambancin da ya kamata a lura da shi a nan. Nijar ba ta fita daga UEMOA ba, ƙungiyar masu kuɗin sefa, kuma yarjejeniyarta ta 1994 ita ma ta tanadi 'yancin tafiya da zama. Wannan inuwa tana rufe wanda ke Kodebuwa da Benin da Togo da Senegal. Ba ta kai Nijeriya da Gana ba, don ba sa cikin ƙungiyar. Da Nijeriya akwai hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu tun 1971, mai mazauni a Yamai, wadda za a iya ɗora sabuwar yarjejeniya a kanta in an so. Ga kuma matsalar cikin gida: ɗimbin 'yan bida sun saba tafiya ba takardar haihuwa ba fasfo, wani ma katin ɗan ƙasa bai yi ba, don a da fuska da harshe sun isa a wuce. In ƙasashen bakin teku suka fara neman takardar zamani mai hoton yatsa, rijistar haihuwa a ƙauyukan Kalfu da Bambai da Tabalak za ta fi kowane jawabin 'yancin kai amfani ga matafiyi.

A Mayu 2025 ministocin harkokin wajen AES suka zauna da shugaban hukumar CEDEAO, Omar Alieu Touray, a Bamako don buɗe tattaunawa kan zaman bayan rabuwa. Ga Ba'adaren da ke da teburin shayi a Kumasi ko rumfar albasa a Legas, sakin layin da ya shafe shi shi ne na izinin zama da sana'a. Abin da yake riƙe da shi a kan wannan sanarwar CEDEAO ta 29 ga Janairu 2025 ce, wadda ta ce a bar shi har sai an sake ba da wani umarni, ba ta kuma faɗi rana ba.